Inbata na da fis a cikinta, to me ya sa za a ƙara wani a bakin batir?

Mai Sola: Salamu alaikum. Maganar da ta taso ita ce ta ƙananan motocin nan irin Sprinter da Transit da Turawa ke mayarwa ɗakin kwana, da firji da fanka da inbata mai wat 2,000 a kan batirin 12V. Ni dai ra'ayina, babban fis ɗin da suke ɗaurawa a bakin batir ɓarnar kuɗi ce. Inbata tana da nata a ciki, batirin litiyam kuma yana da BMS, na'urar kariyar da ke cikinsa mai yanke wuta. A sa breka guda irin ta gida don kashewa da kunnawa, shi ke nan.

Baba Rewaya: Wa alaikumus salam. Ɗana, fis ɗin cikin inbata kanta yake karewa, waya kuwa babu ruwansa da ita. Duba inda jan kebul ke ratsa bangon ƙarfe daga ƙarƙashin kujera zuwa baya. Mota tana girgiza, bakin ƙarfen yana cin robar a hankali, ran da jan ƙarfen ya taɓa bodi, bodin nan gaba ɗayansa nagatif ne. Wutar ba za ta ma isa inbata ba balle fis ɗinta ya san an yi. Kebul zai yi ja, robar ta kama, ga katifa a samansa. Shi ya sa ake sa zoben roba a ramin, a kuma sa fis kusa da kan batir.

Injiniya: Ƙa'idar ABYC ta Amurka, wadda aka yi don jiragen ruwa amma masu irin waɗannan motoci ke bi, ta ce kada tazarar batir da fis ta wuce inci 7, kusan santimita 18. Lissafin girman fis ɗin kuma ba a yin sa da 12V cif. Batir yana sauka, inbata kuma tana cinye wani abu a jikinta. Raba 2,000 da 0.85 saboda abin da inbata ke cinyewa, ka sake rabawa da 10.5V na batirin da ya sauka, za ka samu amfiya 224. Sai a sa fis na 250 da kebul mai kaurin 70mm², na jan ƙarfe zalla. A kankare bakinsa da wuƙa a gani, in ya fito fari to alminiyam ne aka yi wa fenti, a mayar wa mai shago. Kullum fis ya zama ƙasa da abin da kebul zai iya ɗauka, don shi ake so ya fara mutuwa.

Mai Sola: Na ji na waya, Baba. Amma BMS fa? Ai cikin ƙiftawar ido take yankewa.

Injiniya: Tana yankewa in tana da lafiya. Yawancinsu da MOSFET, wani ɗan makunnin lantarki, suke yankan, shi kuwa in ya ƙone sau da yawa a haɗe yake mutuwa, wato ƙofar ta zauna a buɗe. Daga nan babu abin da ke tsakanin batir da bodi. Batirin litiyam kuma in aka haɗe bakinsa dubban amfiya yake turowa. A nan ne nau'in fis ya shigo, domin kowanne yana da iyakar wutar da zai iya katsewa ba tare da ta tsallake shi ba. MEGA kusan 2,000 ne, ANL kusan 6,000, MRBF da ake ɗaurawa a kan batir kai tsaye 10,000 a 14V, Class T kuwa 20,000. Ga litiyam babba, Class T. In batura biyu ne a jere aka haɗa fosatif da fosatif, kowanne da nasa, don in ɗaya ya lalace ɗan'uwansa zai juye masa wuta.

Ɗan Auta: Oga, ni brekar ce ban gane laifinta ba. An rubuta amfiya a jikinta, wuta ai wuta ce.

Baba Rewaya: Ba ɗaya ba ne, Auta. Wutar gida tana komawa sifiri sau 100 a kowace daƙiƙa, harshen wutar da ke tashi lokacin da breka ta buɗe sai ya mutu da kansa. Ta batir miƙe take, ba ta hutawa, harshen yana iya ci gaba da ci har bakin ƙarfen ya narke ya manne. Kuma yawancin brekokin gida a amfiya 63 suke tsayawa, mu muna maganar sama da 200.

Mai Sola: To a sa brekar DC, wato ta wutar batir, mai 250, ta yi aikin biyu. A nan ban sauka ba.

Injiniya: A nan kana da gaskiya, in ta gaske ce, an rubuta iyakar katsewarta a DC, an kuma bi alamar + da − idan tana da su. Matsalar ita ce baƙaƙen nan masu araha na masu kiɗan mota, masu ɗan jan maɓalli. Suna zafi, suna faɗuwa tun ba a kai abin da aka rubuta ba. Ni na fi natsuwa da fis, sannan makunnin batir mai murɗawa na amfiya 300 a bayansa. Jerin shi ne batir, fis, makunni, inbata.

Baba Rewaya: Makunnin ma ba a murɗa shi inbata tana jan kaya. A kashe firji da sauran kaya, a kashe inbata daga maɓallinta, a cire filogin wutar waje in an jona, a kashe injin mota, a raba faifan sola da kwanturola tun kafin a taɓa batir, sannan a murɗa. In kwance waya za a yi, baƙar ake fara cirewa. Sifana in ta zame daga nagatif ta bugi bodi babu abin da zai faru, amma daga fosatif walda za ta yi a hannunka. A cire zobe da agogo, a naɗe sifanar da tef. Wajen mayarwa ja a farko, baƙa a ƙarshe.

Ɗan Auta: Tartsatsin nan da ke tashi in an mayar da waya fa, Baba?

Injiniya: Kafasitocin inbata ne, wato abubuwan ajiye caji da ke cikinta, ke zuƙar wuta lokaci guda. Yana cin bakin makunni, wani lokaci BMS ta ɗauka shot ne ta kulle. Ka ɗauki kwan mota mai wat 21, ka haɗa shi tsakanin ƙafafun makunnin biyu yana kashe. Zai haska, ya dusashe cikin daƙiƙa kaɗan, sai ka murɗa. Bayan kashewa ma kafasitocin suna riƙe caji, ka auna da mita kafin ka sa hannu. In batirin ruwa ne a buɗe ƙofofi tukuna, iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da tartsatsi.

Baba Rewaya: Kuma kada wosha ta shiga tsakanin kan waya da fis, a samansa take zama, ƙarƙashin noti. Turjiyar wuta ta miliyom 1 kacal a mahaɗar, a kan amfiya 200, zafin wat 40 ne a wuri kamar ƙumba. A danne kan wayar da injin matsewa, ban da guduma. A ja kaya mai nauyi minti 10, a kashe, a taɓa kowace mahaɗa, wadda ta fi sauran zafi a kwance ta a sake.

Mai Sola: Fis ɗin na karɓa. Amma Injiniya, a 24V wutar ta ragu zuwa rabi, kusan 112. A can ma Class T za ka ce, ko ANL na 150 ya isa?