Shawarwarin zamanmu a Makka kan kare yara

Bayan la'asar muka zauna, iyaye mata da malaman allo. Wata ungozoma ta kawo labarin Victoria Climbié, 'yar shekara 8 da aka azabtar har ta rasu a Landan a 2000. Asibiti, 'yan sanda da jami'an walwala kowa ya ga wata alama, amma ba a haɗa bayanan ba. Binciken da ya biyo baya shi ya haifar da dokar yara ta 2004 a Ingila.

Nan muka fi daɗewa. Aka ce malami ya rubuta tabon da ya gani da ranarsa, a saurari yaron shi kaɗai, kada a tsaya ga bakin mariƙinsa. Kunyar maƙwabtaka ce ke cutar da mu, wallahi. Layin taimakon yara a Saudiyya 116111 ne, a kira.