"Kama da wane ba ta wane": mutane kaɗai ake yi wa ita, ko har da kayan jabu?

Mai Karatun Dare: Assalamu alaikum. Ina yawan karanta labaran binciken laifi na Turawa, irin masu sanyin nan da ba a nuna jini. Yawanci ƙaramin gari ne a Ingila ko Amurka, ga wata mata mai shagon kayan da, wadda ake kai wa kayan gado ta yi musu kuɗi. Sai a kawo mata zane ko agogo, ta gane jabu ne, daga nan ta bi diddigi har ta kai ga wanda ya yi kisa. Kullum "kama da wane ba ta wane" ce ke faɗo mini. Ta dace a nan?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, wane ai mutum ne. Ana faɗinta in ɗa ya ɗauko kamannin uba bai ɗauko halinsa ba, ko wani ya kwaikwayi shigar manya. Agogo kuwa ba wane ba ne.

Ɗan Kurmi: Allah gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. Mai sayen zane sunan wanda ya zana yake saye. Dubi Han van Meegeren na ƙasar Holan. Shi ya yi zanensa da hannunsa, ya ce na Vermeer ne, shahararren mai zanen Holan na ƙarni na 17. Yakan haɗa fenti da sinadarin Bakelite, wani nau'in roba mai tauri, ya gasa a tanda, fentin ya bushe ƙam kamar ya shekara ɗaruruwa. A 1937 babban masani Abraham Bredius ya duba ɗaya ya ce na gaske ne. Da aka kama shi a 1945 kan zargin sayar wa Göring, jigo a gwamnatin Nazi ta Jamus, dukiyar ƙasa, wato zanen da aka ɗauka na Vermeer ne, dole ya tona kansa, har ya zana wani a gaban shaidu don a yarda. A 1947 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya kan yin jabu. To ga wane nan, Vermeer.

Malamin Hausa: Na karɓa a kan zane mai sa hannu. Kujera ko tulun da ba a san maƙerinsa ba fa?

Dillaliya: Malam, tulun ma da wanensa: zamaninsa. Masu jabun gumakan Nok, tsofaffin gumakan yumɓun nan da ake haƙowa a tsakiyar Najeriya, sukan manna tsofaffin gutsattsari da sabon yumɓu, don gwaji ya nuna tsufa. Ni dai "da tsohuwar zuma ake magani" nake gani a labaran nan, don ita ke rufe idon mai saye.

Mai Karatun Dare: Hajiya, ni kuma na ɗauka tsohuwar zumar ita ce mai shagon kanta, wadda ta daɗe tana juya kaya a hannu.

Ɗan Kurmi: Ba kullum ba. Wolfgang Beltracchi na Jamus ya wuce idon ƙwararru shekara da shekaru. Ɗakin gwaji ne ya kama shi: an samu farin fenti na titaniyam a zanen da aka ce na 1914 ne, alhali ba a fara sayar da irinsa ba a lokacin. Malam, wace karin magana za mu ba wannan?