Injin ƙyanƙyasar kaji zai yi wa ɗakunan sarauniyar zuma?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon zuma. Akwai ƙaramin injin ƙyanƙyasar ƙwan kaji a hannuna. Zan iya zuba ɗakunan sarauniya, wato 'yan kokon kakin da sabuwar sarauniya ke girma a ciki, a injin bayan ƙudan sun rufe su? Zafi nawa, danshi nawa?

Mai Amya: Wa alaikumus salam. Zai yi, amma ba a yadda aka saita shi don kaji ba. Ƙwan kaza na son wajen digiri 37.5, sarauniya kuwa 34 zuwa 35, daidai da ɗumin tsakiyar amya. In ka bar shi a na kaji ka dafa su. In ya yi ƙasa da 33 kuma, fitowarsu ta yi jinkiri, wasu su fito da naƙasasshen fiffike. Kashe abin da ke juya ƙwai gaba ɗaya. A rataye ɗakunan baki na kallon ƙasa, kamar yadda suke a jikin saƙa. Kada ka yarda da lambar da injin ke nunawa, sa wani ma'aunin zafi dab da ɗakunan, injin ya kwana yana aiki kafin ka sa komai.

Uwargidan Hotoro: Malam, danshi shi ne inda ake faɗuwa a Kano. Ana son kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Da hunturu iskar garin nan kan bushe har ƙasa da kashi 20, sai murfin ɗakin ya ƙeƙashe, sarauniya ta kasa huda shi, ka buɗe ka tarar da ita cikakkiya amma matacciya. Sa faranti mai faɗi da ruwa da soso a ciki, faɗin ruwan ke ba da danshi, ba zurfinsa ba. Da damina kuma rage ruwan, kada fumfuna ta kama.

Sai kuma matsalar bazara. Injin nan ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. Watan Afrilu zafi kan haura 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka. Nemi ɗakin ƙasa mai sanyi, a gefen randa, ka haɗa shi da batir ko sola saboda ɗauke wuta.

Mai Amya: Gaskiya ne Hajiya. Ga lissafin kwana: ana rufe ɗaki wajen kwana 8 daga ƙwai, littattafan Turai su ce sarauniya ta fito kwana 16, amma ƙudan zumarmu na Afirka kan riga da kwana ɗaya ko biyu. Don haka tun ranar da ka kai su injin, kowane ɗaki ya shiga ɗan kejinsa, domin wadda ta fara fitowa za ta bi sauran ta harbe su a ciki. Ɗiga zuma kaɗan a gindin kejin, sabuwar sarauniya ba ta jure yunwa. Daga kwana 10 zuwa 13 daga ƙwai kada a girgiza ɗakunan ko a kwantar, lokacin ne fiffike ke haɗuwa. Da ta fito, a kai ta ƙaramar amya marar sarauniya a ranar.