Neman kalma: me za mu kira "interaction homme-machine" da Hausa?

Malamin Ngaundare

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu kunnen Hausa da masu sanin fannin. Abin da Faransanci ke kira interaction homme-machine, IHM a taƙaice, har yau ba shi da tsayayyen suna a bakinmu. Ɗalibi zai yi lisans da masta da Faransanci, ya rubuta kundin dokta, babu inda Hausa ta tare shi. Ranar da ya fita gwaji ne ake yin ta. Ya tsaya gaban mai shago a kasuwar Garwa, dole ya faɗa masa abin da yake bincike kafin mutumin ya yarda a gwada da shi, sai baki ya ɗaure. In ya ce "bincike ne a kan waya", mai shagon zai ɗauka mai gyara ne ya zo, ko ɗan tallan kamfani.

Fannin ba gyaran na'ura ba ne, ba kuma rubuta manhaja ba. Nazarin abin da ke gudana ne tsakanin mutum da na'ura: me ya gani, me ya fahimta, me ya danna, a ina ya ɓace. Sunansa ya kafu a farkon shekarun 1980, musamman bayan littafin da Card da Moran da Newell suka fitar a 1983. Abin da na ajiye tukuna shi ne "hulɗar mutum da kwamfuta". Ku auna mini shi. Ƙannensa na biye: interface, utilisateur, utilisabilité.

Injiniya, Injamena

Wa alaikumus salam, Malam. Ni "kwamfuta" zan fara cirewa. Mutanen da za a gwada da su a nan, nawa ne ke zama gaban kwamfuta? Wayar maɓallai ce a hannunsu, da injin cirar kuɗi, da mitar wuta ta kati. "Na'ura" ta kwashe su duka, Faransancin ma ai machine ya ce. "Mutum" kuwa ya fi nasu kyau, don su can har sun fara sauya homme da humain saboda kada a ce maza kaɗai ake nufi. Mu ba mu da wannan ciwon kai. Shawarata: "ilimin sarrafa na'ura".

Hajiya Malama, Marwa

Injiniya, na yarda da "na'ura", ban yarda da "sarrafa" ba. Sarrafawa hanya ɗaya ce, irin ta mahayi da doki. Ita ce ta sa aka kira mouse ɗin kwamfuta, abin nan da Douglas Engelbart ya nuna wa duniya a 1968, "linzami", kuma sunan ya dace da shi. Amma fannin gaba ɗaya ya tsayu ne a kan cewa na'urar ma tana jan mutum. Ita ke zaɓar abin da zai fara gani, ita ke yanke masa daƙiƙa nawa zai yi tunani, ita ke sa wani maɓalli ya zama ƙato wani ya zama kamar ƙwayar gero. In ka ce "sarrafa" ka ɗora wa mutum laifin duk kuskuren da ya faru, alhali aikin mai binciken shi ne ya nuna cewa sau da yawa laifin na wanda ya tsara ne.

"Hulɗa" ta Malam ta fi, don tana da ɓangare biyu. Aibinta shi ne tana nuna sabo da daɗewa, wani lokaci har da ƙanshin zargi, kamar in aka ce wane da wance suna hulɗa. Wanda ya tsaya minti biyu gaban injin kuɗi bai yi hulɗa da shi ba.

Ni "mu'amala" nake so. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya san babin mu'amala: ciniki, bashi, haya, jingina. Akwai bayarwa, akwai karɓa, kowane ɓangare da haƙƙinsa, kuma akwai abin da ke ɓata ta, wato algus da ɓoye aibin kaya. Mai shagon Garwa in ka ce masa "ina nazarin mu'amalar mutum da na'ura", zai gane nan take cewa ana iya cutar wani a ciki. Wannan rabin fannin ke nan a kalma ɗaya.

Malamin Ngaundare

Hajiya, kin karɓe. Mu'amalar mutum da na'ura. Sai interface, wato abin da mutum ke gani ko yake ji a na'ura, yana ba ta umarni ta cikinsa. Masu fassara da yawa suna rubuta "fuska".

Injiniya, Injamena

Fuska ta yi wa wayar shafawa, inda akwai abin gani. Amma ku dubi lambobin nan da ake bugawa a tura kuɗi, irin *126# da #150# na wajenku a Kamaru. Sunan hanyar USSD. Babu hoto, babu launi, jerin rubutu ne da lambobi, ka zaɓi 1 ko 2. Shafi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da baƙi 182, kuma wannan in an tsaya a kan baƙaƙen GSM na asali ne, wato jerin haruffan da tsarin wayar hannu ya zo da su. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikinsu. Da zarar ka sa ƙugiya ɗaya, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsarin lambobi mai cin wuri, shafin ya ragu zuwa baƙi 80. Saƙon tes ma haka yake, daga 160 ya faɗo 70. Shi ya sa mai tsara jerin da Hausa yake tsakanin wuta biyu: ya bar ƙugiya ya rasa fiye da rabin wurinsa, ko ya cire ta "ƙara" ta zama "kara". Sannan layin na da wa'adi, in mutum ya daɗe yana haɗa baƙi sai ya yanke, ya koma farko.

To wannan duka interface ne. Haka wanda ake kira a ji murya a ce "danna ɗaya". Murya ba ta da fuska.

Dattijo Mai Fassara, Garwa

Ku bar ni in jefa "zaure". Nan baƙo ke haɗuwa da maigida ba tare da ya ga cikin gida ba. Ba abin da kuke nufi ke nan ba?

Hajiya Malama, Marwa

Baba, wallahi misalin ya yi daɗi, kuma a aji zai yi aiki sosai. Sai dai mutanen waya sun riga mu, "zaure" yanzu rukunin hira ne a WhatsApp da Facebook. In muka ce "zauren manhaja" za a nemi a saka mutum a ciki. Ina ganin "mahaɗa" ga kalmar gaba ɗaya, sai a rarrabe: mahaɗar gani, mahaɗar murya, mahaɗar lambobi. "Fuska" ta zauna a matsayin sunan yau da kullum na ta farkon.

Dattijo Mai Fassara, Garwa

Na janye zaure. Amma ku saurare ni a kan utilisateur, don nan ne ake ta ɓarna. Ana rubuta "mai amfani" tsirara. A Hausa "mai amfani" shi ne abin da ke da fa'ida. "Mai amfani ya shiga" na nufin mutumin kirki ya shigo. Sai ka cika ta, "mai amfani da manhajar", ta tsaya da ƙafarta. A takardar neman yarda ku rubuta "mai aiki da ita", ko ku kira mutumin da abin da yake: mai tura kuɗi, mai karɓa, manomi.

Dakta, Kusiri

Baba ya yi gaskiya, kuma shawararsa ta ƙarshe ita ce ƙa'idar fannin ma. Ba a gwada manhaja da "mutane", ana gwada ta da wasu mutane sanannu a kan wani aiki sananne.

Utilisabilité kuwa, kafin mu raɗa mata suna mu san me aka zuba a ciki. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 9241-11 abu uku ya ce: shin mutum ya cimma abin da ya zo yi, me ya kashe na lokaci da wahala kafin ya cimma, kuma ya gamsu ko bai gamsu ba. "Sauƙin amfani" ta kama na biyu kawai. Manhaja na iya zama mai sauƙin dannawa ta kai ka inda ba ka nufa ba.

Ga yadda ake aunawa, don a ga abin da kalmar za ta ɗauka. Ka samo mutum biyar daga rukuni ɗaya. Lissafin Jakob Nielsen da Thomas Landauer na 1993 ya nuna mutum ɗaya kan tono kusan kashi 31 cikin ɗari na matsalolin, biyar kuwa wajen kashi 85. Amma biyar ɗin na rukuni ɗaya ne. In kana da masu karatun boko da masu ajami kaɗai da waɗanda ba sa karatu, rukuni uku ke nan, mutum 15. Ka ba kowa aiki na gaske da bakinka, kada ka karanta masa kalmomin da ke kan allon, in ba haka ba ka ba shi amsa. Ka ce "tura wa ƙanenka kuɗin mota". Ka rubuta abu uku: ya gama ko bai gama ba, daƙiƙa nawa, kuskure nawa. Kada ka taimaka, ko ya kalle ka.

Inda abin ke lalacewa a wajenmu wuri uku ne. Na farko kunya: a tambayi dattijo ko manhajar ta yi wuya, zai ce "lafiya lau" don kada ya ba ɗan baƙo kunya, alhali ka gan shi ya ɓace sau huɗu. Abin da hannu ya yi shi ake rubutawa. Na biyu 'yan kallo, yaro zai leƙo ya ce "Baba, danna biyu", gwajin ya tashi a banza. Na uku kuwa kuɗi, kuma shi ya fi tsada. Mutum na lissafi da dala, na'ura na lissafi da sefa. Ya yi niyyar tura dala ɗari, wato sefa 500, sai ya buga 100. A ƙetaren gada, Injamena, riyal ne, shi ma biyar-biyar. Wannan ba rashin ilimin mutumin ba ne. Gyaransa shafin tabbatarwa ne da zai faɗi adadin ta hanya biyu kafin a nemi lambar sirri.

Saboda haka nake ganin "biyan buƙata cikin sauƙi". Doguwa ce, amma ta kama biyu cikin uku.

Hajiya Malama, Marwa

Dakta, ba za ta shiga kan kundi ba, kuma ba a yi mata jam'i ko a ce "ta ƙaru da kaza". Me zai hana "sarrafuwa"? Nan ne "sarrafa" ta Injiniya ke da gurbi. Ƙira ce da Hausa ta sani, kamar ciyuwa da yiwuwa: abin ya sarrafu ko bai sarrafu ba. Gwajin sarrafuwa, makin sarrafuwa.

Tun da an zo batun maki, gargaɗi ga masu fassara tambayoyi goma na auna sarrafuwa na John Brooke, SUS, wanda ya ƙirƙira a 1986. Tambayoyin mara, 1 da 3 da 5 da 7 da 9, yabo ne, sauran biyar suka ne. Amsa daga 1 zuwa 5. A na yabo ka cire 1 daga amsar, a na suka ka cire amsar daga 5, ka tara, ka ninka da 2.5. Matsakaicin da aka saba samu 68 ne, kuma maki ne, ba kashi cikin ɗari ba. A Hausa na sukan ne ke kawo rikici. Ka ce wa mutum "bai yi maka wuya ba?" ya ce "e", to me ya amsa? Ka mayar da kowace magana miƙaƙƙiya, "abin nan yana da wuya", sannan ka tambaye shi ya yarda ko bai yarda ba, kaɗan ko sosai.

Ɗaliba, Ngaundare

Malamai, ina shirin masta ne a wannan ɓangaren. Kalma biyu suka rage mini: dark patterns da conception responsable. Ta farkon na rubuta mata "baƙin tsari".

Injiniya, Injamena

Ƙanwata, goge shi, za a ɗauka allon nan mai duhu kike nufi, na karatun dare. Harry Brignull da ya raɗa sunan a 2010 shi kansa daga baya ya koma kalmar da ke nufin yaudara. Abin da ake magana a kai: shiga da dannawa ɗaya, fita sai an bi shafi shida. Akwatin "na yarda" da aka riga aka yi wa alama. Rajistar kwana ɗaya da ke sabunta kanta tana cin kati kullum. Maɓallin "a'a" da aka ƙanƙance, alhali an san tun aikin Paul Fitts na 1954 cewa ƙaramin abu mai nisa ya fi wuyar samu, kuma ƙa'idar Android ta ce abin taɓawa kada ya gaza kusan milimita 9. Duk wannan sunansa tarko. An ɗana, an sa hatsi, an rufe da ƙasa. "Tarkon mahaɗa", jam'i tarkuna. Tarayyar Turai ta hana wa manyan dandalin intanet irinsa a dokarta ta 2022.

Dakta, Kusiri

Tarko ya zauna. Ga ta biyun, conception responsable, "zane" hoto ne kawai, "tsari" ya yi faɗi. "Ƙira" ta fi, don maƙeri ya san wanda zai riƙe fartanyar kafin ya hura wuta. Sai "amana": lambar wayar mutum, hotonsa, adadin kuɗinsa, duk ajiya ce a hannun mai manhaja. Ƙirar amana. Kishiyar tarko ke nan kai tsaye.

Sai ki lura, ɗiyata, amanar daga kanki take farawa. Wanda ba ya karatu, ki karanta masa neman yardar, ki ɗauki amsarsa da murya in ya amince, kada ki sa shi dangwale a takardar Faransanci. Ki ba kowa lamba a madadin suna. Kada lambar sirrinsa ta gaske ta shiga gwaji, ki buɗe asusun gwaji daban. In aikin ya nuna, a wannan fannin taro ake fara kai shi kafin mujalla: CHI shi ne babba, akwai kuma AfriCHI na nahiyarmu da aka fara a Nairobi a 2016.

Dattijo Mai Fassara, Garwa

Ban gamsu da "sarrafuwa" ba tukuna. A takarda ta yi kyau, amma kunnen kasuwa daban. Malam, ka sa ɗalibanka biyu su fita ranar kasuwa, ɗaya ya ce "gwajin sarrafuwa", ɗaya ya ce "muna duba ko abin nan na biyan buƙata", kowanne mutum biyar, a rubuta wanda aka ce masa "me kake nufi?"

Malamin Ngaundare

An ɗauka, Baba. Mu'amala da mahaɗa da tarko da ƙirar amana sun shiga takardar neman yarda daga yau. Gurbin utilisabilité na bar shi da fensir har sakamakon kasuwa ya dawo. Za a yi tambayar da Fulatanci ma, don rabin waɗanda za a tsayar, da Fulatancin za su amsa.