Akwatin rediyon intanet: wa ke sarrafa nasa ba da taimakon mai gani ba?

Daga Kano: Salamu alaikum. Ɗana ya aiko min da akwatin rediyon intanet daga Ingila, wai in huta da shuuu ɗin gajeren zango. Sauti garau, amma komai a rubuce yake a ɗan gilashin gaba, ba ya furta ko kalma ɗaya. Ranar farko jikata ta kusa awa guda tana murɗa maɓalli, harafi bayan harafi, kafin lambar sirrin waifai ta shiga. Shekara arba'in ina kamo BBC Hausa da yatsa, yau sai na jira yarinya ta taso daga islamiyya. Ku yaya kuke yi?

Daga Zariya: Baba, idan yana da maɓallan ajiye tasha, a saka maka guda biyar sau ɗaya, shi ke nan. Ni na ɗiga ɗan gam a kan na farko don in riƙa lalubo shi. Sai dai in aka ɗauke wuta aka dawo da ita, wani sa'in yakan tsaya yana tambayar wani abu a gilashi, ni kuwa shiru kawai nake ji.

Daga Landan: Nawa ya zama kayan ado tun 2021. Irin waɗannan akwatunan ba su riƙe tashoshi a cikinsu, daga rumbun wani kamfani suke ɗauko jerin. Da kamfanin ya rufe rumbun, akwatin lafiyarsa ƙalau amma ba abin da yake kamawa. Yanzu Victor Reader Stream nake riƙewa, na kamfanin HumanWare da ke Kanada. Don makafi aka ƙera shi: maɓallansa irin na tsohuwar waya, duk abin da ka danna zai faɗa maka. Tsada ce kawai, kuma muryarsa Turanci take yi.

Daga Maraɗi: Lasifikar nan da ake ba umarni da baki na gwada a gidan yayana. Ba ta jin Hausa. Na ce RFI Hausa har sau huɗu, ta sako min kiɗa. Na koma wayata da TalkBack, manhajar da ke karanta wa makafi abin da ke rubuce a gilashin waya, ga cin data.

Daga Kano: Na gode. Malam na Zariya, wane irin gam ne? Kada in liƙe maɓallin gaba ɗaya.