Asusun HSA da FSA a Amurka: abin da aka tattauna

'Yan uwa mazauna Amurka sun zauna kan tanadin kuɗin asibiti ba tare da haraji ya ci rabonsa ba, kuma mafi yawan maganar ta tsaya ne kan HSA, wato asusun da mutum ke ajiye kuɗin magani a ciki. Sharaɗinsa shi ne inshorarka ta zama irin wadda kai za ka fara biyan kaso mai tsoka kafin kamfani ya sa hannu. A shekarar 2025, an yarda mutum ɗaya ya zuba har dala 4,300, iyali 8,550, wanda ya kai shekara 55 ya ƙara 1,000. Gwamnatin tarayya ba ta karɓar haraji a kan abin da ka zuba, ko ribarsa, ko abin da ka cira don magani. Kuɗin naka ne, ko ka bar aiki. Sai dai Kalifoniya da Niyu Jazi suna karɓar harajin jiha.

FSA kuwa, wani asusun kuɗin magani ne da ta wurin aiki ake samunsa, kuma abin da ya rage a ƙarshen shekara yakan salwanta, sai ɗan abin da ma'aikata ta yarda a tsallakar. Kada ka zuba fiye da bukata.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne batun iyaye. Da yawa sun ɗauka za a iya biyan asibitin Inna a Kano ko Zinder daga HSA. Ba ya halatta, domin dokar haraji ba ta lissafa iyayen da ke zaune can, waɗanda ba 'yan ƙasar Amurka ba kuma ba mazauna cikinta ba, cikin waɗanda kake ɗauke da su. Wanda ya cira don haka kafin shekara 65 zai biya haraji da tarar kashi 20. An kuma jaddada a adana kowane rasit.