Na bar sojan ƙasa, ina son komawa sojan ruwa: wa ya taɓa yi?

Ɗan Zango: Salamu alaikum. Na yi shekara 4 a sojan ƙasa na Amurka, na fita a 2021 ina E-5, wato muƙamin saje, takardar sallamata DD-214 tana ɗauke da RE-1, lambar da ke nuna zan iya sake shiga soja. Shekarata 34, tuƙin Uber a Bronx ya ishe ni. In na shiga sojan ruwa, igiyoyina za su tsira? Sai na maimaita horon farko?

Baban Ilham: Ƙanena, duba lambar RE tukuna. In RE-4 ce, ka haƙura.

Ɗan Zango: Yaya, ai na rubuta, RE-1.

Tsohon Kofur: Ni na yi, kuma na sha wuya. Horon farko dai ban maimaita ba, gajeren kwas na tsofaffin soja muka yi a Great Lakes, sansanin horon sojan ruwa, cikin sanyin Illinois mai fasa leɓe. Mai ɗaukar sojan ya rantse zan riƙe muƙamina, da baki kawai. Ranar sa hannu aka ce aikin da na iya babu gurbi, aka sauke ni mataki ɗaya. Yaron da na girma da shekara goma ya zama ogana. Kuɗin diyyar raunin gwiwata ma suka tsaya, don ba a haɗa su da albashi. Wata 8 muna teku, aka haifi 'yata, a waya na raɗa mata suna.

Maman Sadiq: Maigidana dala dubu 10 aka ba shi da ya koma.

Tsohon Kofur: Hajiya, ni ko sisi!

Baban Ilham: Ya danganta da aikin da shekarar. Abin da ba ya cikin kwantiragi, babu shi.

Tsohon Kofur: Kai da ba ka taɓa hawa jirgin ruwa ba?

Baban Ilham: Shekara 9 na yi da kaki, malam.

Na Agadas: Ɗan Zango, ka iya iyo kuwa? Akwai gwajinsa fa. Ni Ba'agade, ko a baho addu'a nake 😂

Maman Sadiq: Ni abincin ne damuwata. Maigida ya dawo sansanin sojan ruwa na Norfolk duk ya rame, shinkafa da kifin gwangwani kullum, naman babu tabbas. Salla kuwa, ka tayar kana fuskantar alƙibla, kafin ruku'u jirgi ya juya.

Na Agadas: Azumi fa? Wa ke ajiye musu sahur?

Ɗan Zango: Jama'a, maganar igiyoyin nawa fa?